Yadda Ake Yi Wa Iyayen Ɗalibai Rangwamen Haraji A Ƙasar Amurka

Dattawa daga cikin masu karatu ba su manta da zamanin haraji da jangali ba. Mai unguwa ne ke ƙidayar mazaje baligai, a yanka wa kowa abin da zai biya. Ba a cika damuwa da yawan bakin da magidanci ke ciyarwa ba, balle a tambaye shi ko yana da ɗa a makaranta. A shekarar 1979 ne gwamnatocin jihohin Kano da Kaduna suka soke wannan haraji.

A ƙasar Amurka ana biyan haraji har gobe, kuma ba a wasa da shi. Amma gwamnatin can tana yi wa magidanci tambaya kafin ta yanke abin da zai biya. Mutum nawa yake ɗauke da nauyinsu? Akwai ɗan jami'a a cikinsu? Nawa ya kashe a kan karatunsa? Amsar waɗannan tambayoyi tana iya sa a rage masa dala 2,500 a kan kowane ɗalibi a shekara guda. Sai dai akwai sharuɗɗa. Wanda bai san su ba yana iya yin asarar kuɗinsa, ko ma ya jawo wa kansa tara.

Yadda ake biyan harajin

Hukumar da ke tara haraji a Amurka sunanta IRS. Shekarar haraji tana farawa daga watan Janairu, ta ƙare a watan Disamba. Ma'aikaci ana cire masa haraji daga albashi tun kafin kuɗin su zo hannunsa. Idan shekara ta ƙare, kowane mai biyan haraji zai cika takarda mai lamba 1040, ya aika wa hukuma kafin ranar 15 ga Afrilu ta wuce. Miji da mata suna iya haɗa takarda ɗaya.

A cikin wannan takarda ne mutum zai rubuta duk abin da ya samu a shekara. A ciki ne kuma zai rubuta sunayen waɗanda ke ƙarƙashinsa. Sa'an nan a yi lissafi. In abin da aka cire masa bai kai ba, ya cika. In kuwa ya wuce, hukuma ta mayar masa da rarar.

Rangwamen da ake magana a kansa ana cire shi ne daga harajin kansa. Alal misali, an ce mutum ya biya dala 6,000. Yana da rangwamen dala 2,500. To, dala 3,500 kawai zai biya.

Me ya sa gwamnati ke yin haka? Domin karatun jami'a a Amurka yana da tsada ƙwarai. A shekarar 2024, kuɗin makaranta kaɗai a jami'ar gwamnati ya haura dala 11,000 a shekara ga ɗan asalin jihar, in aka yi matsakaicin lissafi. A jami'a mai zaman kanta kuwa ya haura dala 40,000. Ban da kuɗin ɗaki da na abinci.

Wane ne ke ƙarƙashin wani?

Nan ne tushen maganar. Rangwamen karatu yana bin sunan ɗalibi ne. Takardar da aka rubuta sunansa a ciki, ita ce za ta ci rangwamen. Saboda haka sai an fara sanin ko doka ta yarda uba ya rubuta ɗansa a matsayin wanda yake ɗauke da nauyinsa.

Abu na farko shi ne dangantaka. Ba ɗan cikin mutum kaɗai doka ta sani ba. Ta yarda da agola, da jika, da ƙane ko ƙanwa, da ɗan wa ko ɗan ƙane. Ke nan yayan da ke riƙe da ƙanensa yana iya rubuta shi, muddin ya girme shi.

Na biyu shekaru. A ƙa'ida, yaro yana fita daga wannan lissafi idan ya cika shekara 19. Amma an ɗaga wa ɗalibi ƙafa. Ana iya rubuta shi matuƙar bai cika shekara 24 ba a ranar 31 ga Disamba ta wannan shekara. Sharaɗin shi ne ya zama cikakken ɗalibi a cikin watanni biyar na shekarar. Ba lallai ne watannin su zo a jere ba.

Na uku wurin zama. Tilas ɗan ya zauna tare da mai rubuta shi fiye da rabin shekara. Mai karatu zai ce, to ai ɗan jami'a a makaranta yake kwana. Doka ta hango wannan. Zaman makaranta ana ɗaukarsa kamar tafiya ce ta ɗan lokaci. Ko da jami'ar tana wata jiha mai nisa, gidan ubansa ne gidansa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi rikita mutane, watau maganar ɗaukar nauyi. Doka ba ta ce sai uba ne ya biya komai ba. Abin da ta ce shi ne, kada ɗalibin ya zama shi ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa. Nauyin ya haɗa da abinci, da sutura, da ɗaki, da magani, da kuɗin mota, da kuɗin makaranta.

A ce duk abin da aka kashe a kan wani ɗalibi a shekara dala 24,000 ne. Rabi shi ne dala 12,000. Ɗalibin yana aiki a wani kanti da yamma, ya samu dala 9,000, ya kashe su duka a kan kansa. Bai kai rabi ba. Ubansa yana iya rubuta shi. To a ce kuma ya samu dala 15,000, amma ya ajiye 10,000 a banki, ya kashe 5,000 kawai. Har yanzu yana ƙarƙashin ubansa. Ba a duba abin da ya samu, abin da ya kashe a kan kansa ake dubawa.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a lura da su a nan. Tallafin karatu da makaranta ko gwamnati ta ba ɗalibi kyauta ba ya shiga lissafin abin da ya yi wa kansa. Amma bashin karatu da ɗalibi ya ci da sunansa yana shiga, tun da shi zai biya. Ɗalibin da ya ci bashi mai yawa yana iya haura rabin nan ba tare da ya sani ba. Daga nan kuwa ubansa ba shi da ikon rubuta shi.

Idan ɗan ya yi aure, ya haɗa takardar haraji da matarsa, yawanci ya fita daga hannun iyayensa ke nan. Idan kuma ya cika shekara 24, ƙofa ta ƙuntata. Ana iya rubuta shi ne kawai in uban ya ɗauki fiye da rabin nauyinsa, kuma abin da ɗan ya samu bai kai dala 5,200 ba, bisa ƙa'idar shekarar 2025.

Rubuta sunan ɗalibi kaɗai, ko ba a zo maganar kuɗin makaranta ba, yana jawo rangwamen dala 500. An fara ba da wannan ne a shekarar 2018. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 17 suna da nasu tsarin daban.

Rangwamen shekara huɗu

Rangwamen karatu iri biyu ne. An kafa su a shekarar 1997, zamanin Shugaba Bill Clinton. A 2009, zamanin Shugaba Barack Obama, aka faɗaɗa na farkon, aka sake masa suna. A taƙaice ana kiransa AOTC. A 2015 majalisa ta mai da shi na dindindin.

Wannan shi ne mai tsoka. Ana ba da shi ne a kan shekaru huɗu na farkon karatun gaba da sakandare, kuma sau huɗu kawai ga kowane ɗalibi. Dole ɗalibin ya zama yana neman digiri ko wata takardar shaida. Dole ya ɗauki aƙalla rabin darussan da cikakken ɗalibi ke ɗauka. Wanda kotu ta taɓa kamawa da babban laifi na miyagun ƙwayoyi ba ya samu.

Ga yadda ake lissafin. Dala 2,000 na farko da aka kashe, ana mayar da su duka. Dala 2,000 na biyu, ana mayar da kashi ɗaya cikin huɗu, watau 500. In aka haɗa, 2,500 ke nan. Daga nan ba ƙari. Wanda ya biya dala 4,000 da wanda ya biya dala 40,000 duk abu ɗaya za su samu.

Ba kowane kashe kuɗi ne ake lissafawa ba. Kuɗin makaranta yana ciki. Littattafai da kayan karatun da darasi ke bukata suna ciki, ko da a kasuwa aka saye su. Kuɗin ɗaki da abinci da mota da magani ba sa ciki. Wannan kuwa giɓi ne babba, domin a jami'o'in gwamnati da yawa kuɗin ɗaki da abinci ya kai kuɗin makarantar, wani wuri ma ya fi.

Sa'an nan ba a cin tudu biyu. Abin da tallafi ya biya ba a neman rangwame a kansa. A ce kuɗin makaranta dala 10,000 ne, tallafi ya biya 7,000. Saura 3,000 ne suka fita daga aljihun gida. Lissafin zai zama 2,000, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na 1,000, watau 250. Rangwamen ya zama dala 2,250.

To, yaya mai ƙaramin ƙarfi, wanda harajinsa bai taka kara ya karya ba? An yi masa tanadi, amma ba cikakke ba. Kashi 40 cikin 100 na rangwamen, watau har dala 1,000, ana ba mutum a hannu ko da ba a bin sa haraji ko sisi. Sauran 1,500 kuwa sai dai su share harajin da ake bin sa. A ce ana bin wani magidanci harajin dala 1,000. Za a share wannan, a kuma aiko masa da dala 1,000. Ya amfana da 2,000 ke nan, 500 sun tafi a banza. Wanda ba a bin sa komai, dala 1,000 kaɗai zai gani. Abin mamaki a nan shi ne, wanda ya fi kowa bukata shi ne ke samun mafi ƙanƙanta. Ga shi kuma kuɗin ba sa zuwa sai bayan an riga an biya makaranta da watanni. Uban da ba shi da abin biya a watan Agusta, rangwamen watan Afrilu ba zai shigar masa da ɗa aji ba.

Masu hali su ma an yi musu iyaka. Mutum ɗaya da ke samun fiye da dala 80,000 a shekara, rangwamensa zai fara raguwa. In ya kai 90,000, babu. Miji da matar da suka haɗa takarda, nasu yana fara raguwa daga 160,000, ya ƙare a 180,000. Masu samun 170,000 rabi za su samu, watau dala 1,250. Ma'auratan da kowa ya cika takardarsa daban kuwa ba su da rabo sam.

Rangwamen da ba ya tsufa

Na biyun ana kiransa LLC. Shi ba ruwansa da shekarun mutum, ba ruwansa da yawan shekarun da ya yi yana karatu. Mai neman digiri na biyu yana samu. Magidancin da ya koma aji domin ya ƙara ƙwarewa a sana'arsa yana samu, ko da darasi ɗaya ya ɗauka. Ana mayar da kashi 20 cikin 100 na dala 10,000 na farko, watau bai wuce dala 2,000 ba.

Amma bai kai na farkon daɗi ba. Dala 2,000 ɗin na gida ne gaba ɗaya, ba na kowane ɗalibi ba. Uba mai 'ya'ya biyu a jami'a yana iya samun dala 5,000 a tsarin farko, a wannan kuwa 2,000 ne iyaka. Kuma ba a ba da ko kwabo a hannu, sai dai a rage haraji. Ba a haɗa wa ɗalibi ɗaya rangwamen biyu a shekara guda.

Uba ne zai karɓa ko ɗa?

A nan ne ake samun saɓani a cikin gida. Ɗalibi ya yi aikin hutu, ya biya wa kansa wani ɓangare na kuɗin makaranta. A ganinsa rangwamen nasa ne. Doka ba haka ta gani ba. Matuƙar uba ya rubuta sunan ɗan a takardarsa, uban ne kaɗai zai nemi rangwamen. Kuɗin da ɗan ya biya ma ana ɗauka kamar uban ne ya biya. Haka nan in kaka ce ko kawu ya biya wa yaron kai tsaye ga makaranta.

Ɗalibin da ke aiki yana iya cika tasa takardar haraji, domin a mayar masa da abin da aka cire daga albashinsa. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai wani ɗan gurbi a takardar da zai sa wa alama, mai nuna cewa wani yana iya rubuta shi. Yara da yawa sukan yi gaggawar aika takardarsu ba su sa alamar ba. Idan uba ya zo aika tasa, sau da yawa sai na'urar hukuma ta ƙi karɓa, domin ta riga ta ga lambar yaron a wata takardar. Daga nan sai gyara da jiran watanni. Maganin wannan bai wuce uba da ɗa su zauna su yi magana kafin kowa ya taɓa alƙalami ba.

Akwai lokacin da ya fi kyau iyaye su haƙura. In samunsu ya haura dala 180,000, ba za su sami rangwamen karatu ba ko sun rubuta ɗan. To suna iya barin sunansa, shi ya nema da kansa. Sai dai yawanci ba za a ba shi dala 1,000 ɗin nan ta hannu ba, tun da bai cika shekara 24 ba, iyayensa suna raye, kuma ba shi ke riƙe da kansa ba. Zai amfana ne kawai in ana bin sa haraji.

Idan aure ya mutu fa? Ɗa ɗaya ba ya shiga takarda biyu. Wanda yaron ya fi daɗewa a wurinsa a cikin shekarar shi ke da iko, uwa ce ko uba. In ya ga dama yana iya sakar wa ɗayan, ta hanyar sa hannu a takarda mai lamba 8332. Wanda aka sakar wa shi zai ci rangwamen karatun.

Duk wannan ba a yin sa da fatar baki. A farkon kowace shekara makaranta tana aiko da takarda mai lamba 1098-T. Tana nuna abin da aka biya ta, da tallafin da ɗalibi ya samu. Da ita ake cika wata takardar mai lamba 8863, a haɗa da babbar takardar haraji. Rasiɗin littattafai kuwa mai gida ne zai adana abinsa, aƙalla shekara uku, ko da hukuma za ta nema.

'Yan'uwan da ke gida

Akwai Hausawa da dama a Amurka, daga Nijeriya da Nijar da Gana. Da yawansu suna aiko da kuɗin makarantar ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa. Wani ma 'ya'yansa na cikinsa suna nan gida suna karatu. Shin zai iya rubuta su a rage masa haraji?

Yawanci amsar ita ce a'a. Doka ta ce wanda za a rubuta sai ya zama ɗan ƙasar Amurka, ko mazaunin ƙasar, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Yaron da ke zaune a Katsina ko Maraɗi, kuma ba ɗan ƙasar Amurka ba ne, ba ya shiga, ko da komai nasa daga can ake aiko masa. Ita ma makarantar sai ta zama cikin waɗanda ma'aikatar ilmi ta Amurka ta amince da su a tsarinta na tallafin ɗalibai. Saboda haka ɗan'uwan da ke aiko da kuɗin makaranta daga guminsa yake cirewa, ba wanda zai mayar masa. Haka kuma ɗalibin da ya tafi can da bizar karatu, a shekarunsa na farko yawanci ba ya samun wannan rangwame, domin ba a lissafa shi cikin mazauna ƙasar.

A Nijeriya ma an taɓa yin makamancin wannan tsari ga masu biyan harajin albashi. Ana cire naira 2,500 daga kuɗin da za a yanka wa haraji a kan kowane ɗa, har 'ya'ya huɗu, in yaron bai wuce shekara 16 ba ko yana makaranta. Kuɗin sun daɗe ba a ƙara su ba har suka zama ba sa sayen komai. Dokar kuɗi ta 2019 ta soke shi.

Masu ƙarin 'ya'ya

Inda duk ake rage kuɗi saboda yawan iyali, ba a rasa mai ƙara wa kansa iyali a takarda. Amurka ta ga haka. A da, suna kawai mutum zai rubuta a yarda da shi. A shekarar 1986 aka yi doka cewa duk yaron da ya kai shekara biyar sai an rubuta lambarsa ta gwamnati. Lambar ana kiranta SSN, tana da alƙaluma tara, kusan kamar lambar NIN ta nan gida. Da aka zo cika takardun shekarar 1987, sai aka nemi yara wajen miliyan 7 aka rasa. Ba annoba aka yi ba. Da yawansu dama a takarda kawai suke.

Yanzu hukuma tana gwada abin da uba ya rubuta da abin da makaranta ta aiko mata. Wanda ya karɓi rangwamen da bai cancanta ba zai mayar da kuɗin, da ƙari a kai. In aka ga ganganci ya yi, za a hana shi neman rangwamen shekara huɗun nan har tsawon shekara biyu. In zamba ce, shekara goma. Wata dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2025 ta ƙara tsaurara abin. Daga harajin shekarar 2026, ba a ba da rangwamen karatu ko wane iri sai mai nema ya rubuta lambarsa ta SSN, da ta ɗalibin da yake nema dominsa.